MU SAN DUNIYA: Allon ƙirga na mutanen Sin

A wannan wata za mu yi magana bisa wani allo da ƴan kasuwar ƙasar Sin suka yi ɗaruruwan shekaru suna lissafi da shi, ba alƙalami, ba takarda. Sunanshi suwanfan.

Ga yadda yake. Katako ne mai kusurwa huɗu, an jera tsinkaye a cikinshi. Kowane tsinke yana ɗauke da ƙwayoyi kamar na tasbaha. Wani kare ya ratsa tsinkayen, ya raba su gida biyu: ƙwaya 2 a bisa, 5 a ƙasa. Ta ƙasa ɗaya ce, ta bisa kuwa biyar. Tsinken dama na ɗai-ɗai ne, na kusa da shi na gomomi, na uku na ɗaruruwa. Ƙwayar da aka tura ta taɓa karen tsakiya, ita kaɗai ake ƙirgawa.

Mutanen Japon sun karɓi allon, suka rage mashi ƙwayoyi: 1 a bisa, 4 a ƙasa. Nasu sunanshi soroban. Mu gwada da shi: buhu 27 na hatsi, an ƙaro 15. A tsinken gomomi ka tura 2. A na ɗai-ɗai ka tura ta biyar da 2 na ƙasa. Don ƙara 15, sai ka ƙara 1 a gomomi. Saura biyar. Biyar da biyar goma ke nan, sai ka janye ta bisa, ka ƙara 1 a gomomi. Duba allo: buhu 42.

Kada ku rena shi. A 1946, a birnin Tokiyo, an yi gasa tsakanin Kiyoshi Matsuzaki mai soroban da wani sojan Amurka mai na'urar lissafi ta lantarki. Mai allo ya ci 4, mai na'ura ya ci 1. A 2013 hukumar UNESCO ta sa lissafin suwanfan cikin gadon al'adun duniya.

Ƙirga biyar-biyar ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1851 Bajamushe Barth ya iske ƴan kasuwar Tasawa suna ƙirga wuri biyar-biyar, suna tarawa tsibi-tsibi. Kuɗinmu ma da dala muke faɗinsu, tamma biyar-biyar.

Amfanin allon shi ne, lissafi yana fili. Mai saye na gani, mai saidawa na gani. Manomin da ya san mazaunin ɗai-ɗai da na gomomi da na ɗaruruwa, da wuya a cuce shi bakin sikeli. Kara, waya da ƴaƴan magarya da aka huda sun isa a haɗa shi a gida, yara da manya su koya.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.