Kwamfuta a jakar matafiyi: abin da ya canza a kan iyakar Ƙwanni

Kaka ta yi, an ɗaure damman hatsi, kuma kamar kowace shekara tashoshin mota na Ƙwanni da Malbaza da Illela sun fara cika da samari masu haramar ci-rani. Wasu Abijan suka nufa, wasu Kano ko Legas, wasu arewa ta hanyar Agadas. Ɗalibai ma sun koma, daga masu zuwa Tawa da Yamai har masu tsallakawa Sakkwato. A jakunkunan wasunsu akwai wani kaya da iyayenmu ba su san shi ba a lokacin nasu ci-ranin, wato kwamfutar tafi-da-gidanka. Daga can waje kuma ƴan'uwa na aiko da ita gida, ga ƙane mai shiga jami'a, ga ƴa mai koyon aikin jinya, ga mai shagon buga takardu a bakin kasuwa.

Tambayar da ke bakin mutane ita ce: in na kai ta wata ƙasa, za ta yi aiki? Za ta yi. Injin bai san iyaka ba, mai shi ne ke haɗuwa da ita. Wahalar tana wuri uku: takardar da ke nuna taka ce, abin da ka ajiye a cikinta, da kuma shekarunta. Duka ukun sun canza a ƴan shekarun nan.

Wuta da madannai

Mu fara da abin da ya fi tsorata mutane, alhali shi ne mafi sauƙi. Juya cajar kwamfutarka ka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. A kusan dukkansu za ka ga 100 zuwa 240. Ma'anarsa tana karɓar wutar Amurka mai ƙarfin 120, tana karɓar tamu ta Nijar mai 220, haka ta Najeriya da Faransa da Saudiyya. Abin da ya bambanta shi ne bakin filogi. Mu nan da Kodibuwa da Kamaru mun fi amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu, gadon Faransa. Najeriya da Gana mai ƙafa uku ne, gadon Ingila, kuma irinsa alhazai ke tararwa a Makka da Madina. Na Amurka ƙafafunsa shimfiɗaɗɗu ne. Ƙaramin adafta ya raba gardama. Don Allah a daina tura ƙafa biyu cikin ramin ƙafa uku da tsinken ashana, nan ne caja ke ƙonewa.

Abin tsoro na gaskiya shi ne wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Ba mu manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, tana taimakawa, amma kowa ya san kuran bai zauna da gindinsa ba a garuruwanmu, balle ƙauyukan da sai janareta ko faranti. Kwamfutar da ta saba da wutar Turai tana bukatar na'urar daidaita wuta, ga kuma zafin bazara da ƙurar hunturu masu toshe mata hanyar iska.

Sai madannai. Kwamfutar Faransa jerin haruffanta da AZERTY yake farawa, ta Najeriya da Amurka da QWERTY. Inda wannan ke da A, waccan Q gare ta. Ana iya sauya tsarin daga cikin na'urar, amma yatsu ba su sauyawa rana ɗaya. Ɗalibin da ke son shiga jami'a a Najeriya ya sani cewa jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta tun 2015, kuma madannan da zai tarar a zauren ba irin na gida ba ne. Gara ya saba tun yana nan.

Iyakar jiya da ta yau

Daga Ƙwanni zuwa Illela ta jihar Sakkwato, takwarar Illelarmu ta Tawa, tafiyar ƴan mintuna ce a kan babur, kuma Sakkwato kanta ba ta kai kilomita 100 ba. Mun tashi muna ganin wannan iyaka kamar zaure tsakanin gida biyu. To amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Bayan 26 ga Yulin 2023 an rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai watan Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO, kuma a ranar aka fara fasfon ƙawancen AES. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku, su shiga ba biza, har sai an sake sanarwa. Wannan kalma ta "har sai" ita ce ya kamata matafiyi ya riƙe, domin sassauci ne, kuma sassauci ana iya janye shi.

Ta fuskar kaya, a watan Maris na 2025 ƙasashen AES suka amince da harajin rabin kashi 1 cikin 100 kan hajojin da ke shigowa daga wajen ƙawancen. A shekarar 2025 kuma iyakar Gaya da Benin tana rufe, shi ya sa kayan da ƴan'uwa ke lodawa a jirgin ruwa suke zagayowa ta Lome da Burkina Faso, su daɗe a hanya.

Me wannan ke nufi ga mai kwamfuta ɗaya a jaka? A al'adar duwan ta kusan ko'ina, kayan amfanin kai daban, hajar sayarwa daban. Kwamfuta ɗaya da aka yi amfani da ita, da hotunanka da darussanka a ciki, kayanka ce kamar rigarka. Uku ko huɗu sababbi a kwali, wannan fatauci ne, sai a biya. Rigima tana tasowa ne a tsakiya, wurin wanda aka ba saƙon biyu ya kai wa mutane, ko wanda ba shi da ko guntun takarda. Shawararmu ita ce a riƙe rasit. In kyauta ce, mai aikowa ya rubuta ƴar wasiƙa da sunan wanda zai karɓa da lambar na'urar da ke ƙasanta, ya haɗa da rasit ɗinsa, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Ɗalibi ya haɗa da katin makaranta. Duk kuɗin da aka biya a kan iyaka a nemi takardar shaidarsa, cikin ladabi.

Masu bin jirgin sama daga filin Diori Hamani su tuna cewa batirin kwamfuta da na ajiyar caji a hannu ake shiga da su, ba a jefa su cikin akwatin da za a loda, saboda hatsarin gobara. Masu bin hanyar arewa kuwa, duk mun ga yadda waɗanda ake korowa daga Aljeriya ke isowa Asamaka, da yawansu ko waya babu. Wanda zai bi wannan hanya ya yi tunani kafin ya ɗauki abin da aka sayar da akuya aka saya.

Abin da ke ciki ya fi injin nauyi

Wannan ita ce maganar da ba a cika yi ba. Kwamfuta ba ta tafiya ita kaɗai, tana ɗauke da duk abin da ka taɓa saukewa, da wanda abokinka ya zuba maka daga filash ba ka duba ba. A ƙasashe da dama, har da Amurka, ma'aikatan iyaka na da ikon cewa ka buɗe ta. Abin da ake ɗauka wasa a majalisar shayi, wani wurin laifi ne.

A nan gida, dokar laifukan intanet ta 2019 an yi mata gyara a watan Yunin 2024, aka dawo da ɗauri: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta hanyar na'ura, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Najeriya na da tata dokar tun 2015, ita ma an gyara ta a 2024. A yankin da ke fama da ƴan bindiga ta kowane ɓangaren iyaka, bidiyon kisa ko na ƴan ta'adda da aka turo maka a WhatsApp ya sauka a na'urarka, yana iya sa ka kwana inda ba ka yi niyya ba, kafin ka gama bayanin cewa kallo kawai ka yi.

Akwai kuma zargin da ke bin saurayi mai kwamfuta a manyan biranen Najeriya, cewa ɗan damfarar intanet ne. Binciken wayoyi da kwamfutocin matasa a kan titi na cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020. Yaronmu da ya sauka Legas ba Ingilishi a bakinsa, ba rasit a aljihunsa, shi zai fi shan wahalar wanke kansa.

Kafin tafiya a share abin da ba a bukata. A sa kalmar sirri. Takardun shaidar karatu, aikin kammala jami'a, lissafin bashin abokan ciniki na mai fataucin albasar Galmi, duk a kwafe su a bar ɗaya a gida. In an sace injin ana sayen wani. Aikin shekara uku kuwa ba a sayensa a kasuwa. Kuma kar ka karɓi saƙon kwamfutar da ba a buɗe ta a gabanka ba, ko daga wa take.

Kyautar ƴan'uwa da ranar 14 ga Oktoba

Yanzu sai mu juya ga ƴan'uwanmu na Faransa da Beljiyam da Amurka da sauran wurare, masu karanta mu daga nesa. Allah ya saka da alheri, don da yawan yaranmu ta hannunku suka fara taɓa kwamfuta. Amma ga labarin da ya shafe ku. Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Ya bar wata ƙofa ta ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma ba ta hawa kan tsofaffin injuna da yawa. Saboda haka ofisoshi da makarantu a Turai da Amurka suna fitar da tsofaffin kwamfutocinsu, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa.

Ba yau aka fara ba. Wani bincike da jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki na shiga Najeriya a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu matattu ne tun kafin su sauka. Daga kasuwar Computer Village ta Ikeja zuwa titin Beirut na Kano, wani kason nan yake gangarowa. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma mataccen inji da aka rubuta masa "na hannu" wucewa yake.

Kwamfuta mai Windows 10 ba ta mutu ranar 14 ga Oktoba ba. Tana buga takarda, tana koyar da yaro rubutu da lissafi. Sai dai kullum tsaronta raguwa yake, don haka ba ita ce ta shiga asusun banki ko ajiye sirrin mutane ba. Mai gyara da ya san aikinsa yana iya sa mata Linux, wanda kyauta ne kuma yana tafiya a tsofaffin injuna. Abin da muke roƙo shi ne mai aikowa ya bincika abu huɗu: tana karɓar Windows 11 ko a'a, batirin na riƙe wuta, cajarta ta asali na nan, kuma ba a kulle take da sunan wani kamfani ko makaranta ba. Irin waɗannan kullallun, da zarar sun ga intanet sai su nemi kalmar sirrin tsohon mai su, kuma mai gyara a Ƙwanni ba shi da mabuɗin. A kuma sani cewa garantin da aka bayar a Turai sau da yawa ba ya biyo ta nan. Araha ba ta ado.

Abin da ya rage

Wani nauyin na matafiyi ne, wani na hukuma. Muna ganin lokaci ya yi da za a manna sanarwa da Hausa a ofishin duwan na Ƙwanni, a karanta ta a gidajen rediyo, mai fayyace abin da ɗalibi ko ɗan ci-rani zai shigo da shi ba haraji, da abin da za a biya, da nawa ne. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, kuma ga wuri mai sauƙi da talaka zai ga amfanin hakan. Ƙa'idar da kowa ya sani tana kare matafiyi, tana kare ma'aikaci daga zargi.

Ƙungiyoyin ɗalibai da na ƴan asalin garuruwanmu mazauna waje su ma suna da rawar takawa. Kafin a cika kwali da injuna goma da rabinsu ba za su kai azumi ba, a tambayi makarantar ko asibitin abin da suke bukata, a aiko da uku masu rai da cajojinsu da takardunsu.

Masu haramar tafiya, Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da alheri. Kafin a ɗaure jaka dai a duba rasit, a duba abin da ke cikin injin, a bar kwafi a gida.