RA'AYINMU: Manhajar Wa Za Mu Ɗora 'Ya'yanmu A Kai?

 

'Yan'uwanmu na reshen Kongolam, cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa ta ƙasar Daura, sun aiko mana da tambaya game da wata shawara da wasu masu hannu da shuni suka kawo musu. Shawarar ita ce a ɗora sashen reno da na firamare na makarantarsu bisa manhajar Ingila, a rubuta "Intanashinal" a jikin allon ƙofa, a hana yara magana da Hausa a harabar makaranta, sa'an nan a ƙara kuɗin zango. Hujjarsu kuwa, wai garin na bakin iyaka ne, 'ya'yan ma'aikatan kwastan da na shige da fice da na manyan fatake suna tsallakewa zuwa Daura da Katsina neman irin wannan karatu. Mun ga ya dace mu ba da amsa a wannan shafi, domin Kongolam ba ita kaɗai wannan iska take kaɗawa ba.

Da farko, wajibi ne mu yi adalci, ko da kuwa ga wanda muke saɓani da shi. Manhajar ƙananan yara da gwamnatin Ingila ta fara aiki da ita a 2008, wadda ta shafi yaro tun daga haihuwa har shekara biyar, akwai abubuwa masu amfani cikinta. Ta raba tarbiyyar yaro fanni bakwai, ta gabatar da iya magana da motsa jiki da zama da mutane a kan rubutu da lissafi, ta kuma ƙayyade cewa ga yara 'yan shekara uku zuwa sama babba ɗaya zai kula da takwas, ko goma sha uku idan ƙwararren malami ne. Wanda ya taɓa leƙa ajin da yara suka cika maƙil, malama guda tana riƙe da tsumagiya tana sa su rera abin da ba su fahimta ba, ya san muna da abin koyo a nan. Hikima kayan mumini ce.

To amma masu wannan shawara ba wannan suke son sayowa ba. Suna ne suke so, da kayan makaranta masu laktaye, da yaro mai gaishe da ubansa cikin Turanci. Ba su tsaya sun tambayi kansu ba: shin akwai manhajar da ba ta da aƙida a ƙarƙashinta? Haƙiƙa babu. Dokar ilmi ta Ingila ta 1988 ta tanadi a riƙa yin ibadar haɗin gwiwa kullum a makarantun gwamnati, wadda galibinta ke bisa tafarkin Kiristanci, kuma tun daga 2014 aka ɗora wa makarantu koyar da abin da suke kira ɗabi'un Birtaniya. Faransa ita kuma ta fitar da addini daga makarantun gwamnati tun 1882, a 2004 ta hana ɗalibai mata sa hijabi a cikinsu. Ba mu zarge su ba, kowa gidansa yake gyarawa. Abin takaici shi ne Musulmin da zai ɗauko littafin da aka rubuta domin yaron Landan, da dusar ƙanƙara da bukukuwan Kirsimeti, ya miƙa wa ɗan shekara huɗu wanda bai riga ya san sunayen watannin Musulunci ba, bai san bambancin gero da dawa ba alhali yana ratsa gona kullum safiya. Hadisin fiɗira da ya zo cikin Bukhari da Muslim ya riga ya faɗakar da mu cewa iyaye ne ke karkatar da yaro zuwa inda ya karkata, kuma zaɓen makaranta yana cikin wannan.

Maganar harshe ita ta fi damunmu, kuma mutanen Kongolam sun fi kowa cancantar su gane ta. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba dangi ɗaya gida biyu: na nan ana koya musu da Ingilishi, na Ɗan Barto da Matamaye da Faransanci, in sun haɗu a kasuwar Mai'aduwa kuwa ba su da abin ciniki sai Hausa. Ko Ɗan Hausa, Baturen da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, da Hausa ya fara koyarwa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara karatun firamare da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a darasin Ingilishin kansa. A Nijar an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa harshen ƙasa, suka mayar da Faransanci harshen aiki.

A gefenmu kuwa, tafiyar hawainiya ce mai komawa baya. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya, ta bakin minista Adamu Adamu, ta amince a koyar da harshen uwa duk shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya bayyana soke wannan manufa, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawar kammala sakandare. Mun yi mamakin wannan hujja. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba lokacin da aka yanke hukuncin, balle ya zauna jarrabawar sakandare. Ina littattafan da aka buga, ina malaman da aka horar, da har za a ce an gwada an kasa? Ba mu kira kowa ga saɓa wa doka ba, amma babu dokar da ta ce a ci tarar yaro ko a sa shi tsallen kwaɗo don ya yi magana da harshen da uwarsa ta yi masa tawai da shi.

Iyaye za su ce, ai jarrabawa da Ingilishi ake yi, aiki ma da shi ake samu. Gaskiya ne, kuma muna son 'ya'yanmu su iya shi fiye da kowa, yanzu da Daura take da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri. Sai dai yaron da ya fara gane yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da kalma cikin harshen da yake ji, shi ne zai ɗauki wannan basira ya kai ta ga Ingilishi da Larabci. Wanda aka fara masa da harshen da bai sani ba, haddar aku zai yi, kuma ana ganin irinsu a aji huɗu ba su iya karanta wasiƙa da kowane harshe. Nana Asma'u 'yar Shehu ta san Larabci sarai, amma da Fulatanci da Hausa ta isar da karatu ga matan ƙauye.

Saboda haka muna shawartar kwamitin ilmi na reshen Kongolam da kada ya karɓi wannan shawara yadda aka kawo ta. A riƙe manhajar ƙasa wadda hukuma ta sake tsarawa a 2025, a gina Alƙur'ani da tajwidi da Larabci da ladubban Musulunci a cikin jadawalin safe, ba a tura su yamma lokacin da yaro ya gaji ba. A sashen reno a koya wa yaro karatu da Hausa, boko da ajami, Ingilishi ya shigo ta baka da wasa tun daga farko, a riƙa ƙara masa lokaci aji bayan aji. Kuɗin da za a kashe wajen sayen suna da fenti, a ɗauki malamai mata masu takardar NCE da shi, a rage yawan yara a aji, a tura waɗanda ake da su ƙarin horo a Katsina ko Dutsinma. Masu hannu da shunin nan, in don Allah suke yi, ga ƙofa nan a buɗe: su ɗauki nauyin albashin malama biyu, ko kuɗin karatun marayu. Amma kuɗin zango kada a ƙara shi yadda ɗan mai tura baro da ɗan mai sayar da ruwa a bakin shingen kwastan za su koma gida, domin da taron sisin iyayensu aka yi ginin tun farko.

Muna kuma roƙon sauran rassa na Daura da Zango da Sandamu da Baure, duk wanda aka kawo wa irin wannan shawara, ya rubuto wa sashen ilmi na hedkwata kafin ya sa hannu a kowace takarda.