Tsamiya Ba Ƴar Indiya Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu ƴan boko, cewa sunayen itatuwa da ƙwari na Hausa sunayen ƙauye ne, ilimi kuwa yana cikin Faransanci da Latin. Malaminmu na Cadawa zai rubuta tamarinier a allo, yara su haddace, alhali tsamiya na tsaye a bakin kasuwa. To, bari mu auna sunayen biyu mu ga wanne ya fi gaskiya.

Sunan Turawa ya samo asali ne daga Larabci, tamar hindi, wato dabinon Indiya. A shekarar 1753 Linnaeus ya ƙara tabbatar da kuskuren da sunan Tamarindus indica. Ga shi kuwa itaciyar ba dabino ba ce, kuma masana tsirrai sun fi karkata ga cewa asalinta Afirka ne. Sunan da muke tilasta wa yara ke nan: kuskure biyu a kalma ɗaya.

Namu fa? Duk mai jin Hausa ya ji tsami a cikin tsamiya, kuma duk wanda ya sha kunun tsamiya a watan azumi shaida ne. Sunan bai tsaya nan ba. Akwai wata tsutsa, ƴar wani malam-buɗe-littafin dare da masana ke kira Anaphe, wadda ke cin ganyen itace, ta taru da ƴan uwanta su saƙa gida guda. Kakanninmu sukan ɗebo gidan, su dafa da toka, mata su kaɗa zare. Zaren nan ma tsamiya ne sunansa, da shi ake aikin wuyan babbar riga, daga nan aka sami rigar tsamiya. Kalma ɗaya ta ɗauke itace da ƙwaro da sana'a. Idan wannan ba kimiyya ba ce, mece ce?

Su kansu Turawa ba su raina irin wannan ba. Ingilishi suna kiran wani ganye da wani ƙwaro burnet, kalmar da ta fito daga tsohon Faransanci mai nufin launin ƙasa-ƙasa, kuma ƙamusoshinsu na bin diddiginta. Likita Dalziel ma tun 1916 ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa. Baƙo ya tattara, ɗan gida yana zubarwa!

Ba mu ce a kori Faransanci ko Latin ba. Cewa muke kayan aro ba ya rufe katara. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, don haka uzuri ya ƙare. Malaman Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ku tura ɗalibai wajen tsofaffi, manoma da masu magani da maɗinka, su rubuto kowane suna da dalilinsa. Ƙungiyoyin al'adu su buga abin da aka tara, tun masu sanin suna raye.