Kafin Ki Kai Jarumarki Amurka

Marubutanmu masu sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad sun ƙwallafa rai a kan Amurka, kuma ban ga laifin hakan ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Amurkar tasu ta fim ce: dogayen benaye da motoci masu sheƙi, shi ke nan. Jama'a, ku tuna yadda muke ji a nan Wulari idan baƙo ya rubuta labarin Maiduguri ta yau, ya ɗora jaruminsa a kan acaɓa zuwa Kasuwar Monday, alhali tun 2011 aka hana babura a garin nan, keke napep muke hawa. Nan take za mu ajiye littafin. To, haka mazaunin can zai yi da namu. A Minneapolis, cikin Disamba, rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar, ke nan Magaribar jarumarki ta riske ta tana wurin aiki. A yawancin jihohi sai an zo biya ake ɗora haraji a kan kuɗin kaya, kuma wanda ya ci a gidan abinci ya tashi bai bar wa mai hidima kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba ya yi abin kunya. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke hura wa labari rai. 'Yar'uwa, Hausawa na nan zaune a unguwar Bronx ta New York. Nemi ɗaya ta waya, ki tambaye ta inda take wanki, nawa ne hayarta, da wanda ke riƙe mata yara idan ta fita aikin dare.