An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk ɓarnar da ta kunno kai a yau, waya ake fara nuna wa yatsa. Yara sun lalace, waya ce. Aure ya mutu, TikTok ne. Jita-jita ta tada rikici, a ce WhatsApp.

Mun ga gwajin wannan tunani a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna domin a daƙile 'yan bindiga. Mai POS ya rufe rumfa. Uwar da ɗanta ke aiko mata da kuɗin cefane daga Legas ta zauna jugum. Ƙauyen da aka kai wa hari ya rasa hanyar neman agaji. Aka dawo da layukan, ta'addancin bai gushe ba.

Wayar salula ta yaɗu a Najeriya ne daga 2001. Rikicin Maitatsine kuwa a 1980 ya ci rayuka a Kano, babu intanet, babu Facebook.

Ba mu wanke kamfanonin fasaha ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: manhajojinsu suna fifita abin da ke tunzura mutane, domin nan ribarsu take. Wajibi ne hukuma ta sa musu ido.

Sai dai talauci, rashin aikin yi, makarantun da babu malamai da iyayen da suka saki tarbiyya, ba waya ce ta kawo su ba. A gyara waɗannan tukuna.