Kafin ka auno wa Hajiya maikirowef

Duk wanda ya yi zaman kasuwa a Jidda ko Dubai ya san akwatin nan mai ƙofar gilashi da ake cewa maikirowef. A ɗakin gwauraye shi ne uwargida: ka rufe shago sha ɗaya na dare, ka ciro sauran shinkafa daga firij, minti biyu ka ci ka kwanta. Daga nan sai tausayi ya kama mutum, ya ce bari Hajiya ma ta huta da hayaƙi. A ɗaure a kwali, a biya kuɗin awo, sai Mai Wurno. To ku zagaya gidajen garinmu ku gani. Yana can bisa kabad an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, wani gidan ma sukari ake ɓoyewa a ciki saboda tururuwa.

Kada wanda ya ce ƙauyanci ne. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 da tuwo da koko suka zo bakin kogin nan. Matansu suka koyi kisra da ful wurin maƙwabta, mu kuma muka ba Sudan agashe da godogodo. Madafarmu ba ta ƙin baƙo, sai dai baƙon ya zo da abin yi.

Shi wannan inji ruwan da ke cikin abinci yake motsawa har ya ɗau zafi, ba ya gashi, ba ya suya. Kisra kuwa sai doka ta yi zafi jau a shafa ƙullu. Asida da tuwo sai an tuƙa da muciya har kafaɗa ta gaya maka. Agashe in babu garwashi ai dafaffen nama ne kawai. Me ya rage masa?

Sannan a duba inda aka haife shi. Wani injiniya Ba'amurke, Percy Spencer, ya gano shi a 1945 wajen aikin na'urar hango jiragen sama, ya kuma fara shiga gidajen Amurka sosai daga 1967. Can kowa da farantinsa, kowa da lokacin cinsa. Mu siniya ɗaya ce, hannu goma. Da azumi a ƙauyukan Jazira har titi ake fito da abinci a tare motoci, dole matafiyi ya sauko ya sha ruwa. Wa zai tsaya ɗumama wannan kwano ɗaya-ɗaya?

Ga maganar wuta, wadda a nan muke ce wa kahraba. Madatsar Sinnar tana kusa da mu, amma wuta sai ta ga dama, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Injin da aka rubuta masa wat 800 yakan ja kusan 1,200, ƙaramar sola ta fitila da cajin waya ba za ta ɗauke shi ba. Kuma ɗan'uwa, juya bayansa ka karanta takardar da ke manne: wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Sudan da Nijeriya da Nijar 50Hz. Wanda aka yi wa 60 kaɗai yakan yi zafi ya mutu da wuri. Na Amurka kuwa, mai bolt 120, kana sa shi a soket ya ƙone.

Inda na sara masa shi ne ɗumame. Ga mai firij da tsayayyiyar wuta, musamman iyalanmu da ke Riyad ko Alƙahira, maigida a shago, yara a makaranta, yana da rana. A yanka tuwon jiya ƙanana, a yayyafa ruwa, a rufe da faranti. Miya a tsaya a juya ta a tsakiyar lokaci, don yakan bar wani gefe da sanyi wani yana tafasa. Saboda haka ne ma ba a ɗumama madarar jariri a ciki, sai ta ƙona masa baki alhali kwalbar ba zafi. Kwanon silba ko na samira kada ya shiga, tartsatsi zai yi. Ƙwai da ɓawonsa fashewa yake yi. Shinkafar da ta kwana a waje cikin zafin nan namu kuwa, ɗumamawa ba ta kashe dafin da ta tara, a haƙura da ita.

In tsarabar ta Mai Wurno ce, buga waya ka tambayi Hajiya tukuna. Yawancin waɗanda na ji ta bakinsu tukunyar gas suke so, ko ƙarin batirin sola da zai riƙe firij har asuba.