Gandun Dajin W, garkuwar kogin Isa



Kimanin kilomita 150 kudu da Yamai, kogin Isa, wanda wasunmu ke kira Kwara, ya yi lanƙwasa mai kama da harafin W. Daga nan ne gandun dajin da ke gaɓarsa ya samo suna. An kafa shi a 1954, UNESCO kuma ta sa ɓangaren Nijar, mai faɗin kusan hekta 220,000, cikin kayan gadon duniya a 1996. A 2017 aka haɗe shi da dazuzzukan Arli da Panjari na Burkina Faso da Benin.

Rashin tsaro ya kori masu yawon buɗe ido daga yankin, har wasu na tambaya: to, mene ne amfanin dajin yanzu?

Amfaninsa na farko yana wurin kogin. Saiwoyin itatuwan gaɓa ne ke riƙe ƙasa idan ruwa ya yi ƙarfi. Inda aka sare su, damina na kwaso yashi ta zuba a kogi, ya cike, kwalekwale ya kasa wucewa da rani. Fadamun da ambaliya ke shafewa kuwa, can kifi ke zuba ƙwai, kashin dorina kuma na ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Ke nan masuncin Gaya na cin moriyar dajin ko bai taɓa taka shi ba.

Na biyu, dabbobin. Mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suna cikin waɗannan dazuzzuka uku, nan kuma ne garken giwaye mafi girma na yankin yake. Akwai ɓauna da kada da ayu, da tsuntsaye iri fiye da 350, ciki har da masu zuwa daga Turai lokacin sanyi. Idan zaki ya ƙare a nan, da wuya a samo wani a mayar.

Rabonmu a cikin wannan aiki yana kasuwa da ɗakin girki. Kada mu sayi naman dajin da aka haramta farautarsa, mu kuma rage gawayi da icce inda hali ya yi, domin mai saye ne ke tura mafarauci daji. Mu gaya wa yaranmu cewa giwar da suke ji a tatsuniya tana nan da ranta a ƙasarsu, kuma amana ce a hannunmu.

Allah ya kawo zaman lafiya a yankin. Sai fitowa ta gaba.